Wat ba ma'aunin haske ba ne

Mutum zai shiga shagon kayan wuta ya ce a ba shi ƙwai mai wat 60, a miƙo masa ƙwan zamani na LED mai wat 9, ya ɗauka an raina masa hankali. Ba a cuce shi ba. Wat yana auna wutar da ƙwan ke sha ne, hasken kuwa da lumen ake auna shi, kuma yana rubuce a jikin kwalin. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60 yana ba da lumen kusan 800, LED mai wat 9 ma haka.

Ina sauran wutar take tafiya? Zafi. Kusan kashi 90 cikin 100 na abin da tsohon ƙwai ke sha zafi yake komawa, shi ya sa yake ƙona hannu. Farin LED bai samu ba sai bayan da Akasaki da Amano da Nakamura, 'yan Japan, suka ƙera shuɗin LED mai ƙarfi, aikin da ya jawo musu kyautar Nobel a 2014. Ana shafa wa shuɗin LED ɗin wani sinadari ne ya mayar da hasken fari.

Ƙanƙantarsa da ƙarancin zafinsa ne suka sakar wa masu zana fitilu mara: yau ana ɓoye haske cikin silin, a jikin gado, har cikin katako siriri. Amma LED ma yana ɗumi ta gindinsa. Idan aka kulle shi inda iska ba ta shiga, da wuri yake mutuwa.