Zaman farko ba ranar warkewa ba ce

Yana damuna yadda mutane suka ɗauka in ka je wajen ƙwararre kan damuwa mai zaman kansa, ranar farko zai ba ka mafita ka tafi. Ba laifinsu ba ne, haka aka saba a asibiti, a duba ka a rubuta magani. Amma nan zaman farko, kusan minti 50, tambayoyi ne yawanci, me ya kawo ka, yaya barcinka, sai batun kuɗi da riƙe sirri. Misali mai fama da fargaba, sai an gano yaushe take taso masa kafin a koya masa yadda zai shawo kanta, wannan kuwa yakan ɗauki makonni. Magani ma yawancinsu ba sa rubutawa, aikin likitan ƙwaƙwalwa ne.