Dokar zinariya a Florida da Texas: wa zai biya bashi da abin da yake ɓoyewa?

Tun da Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a dokar da ta mayar da zinariya da azurfa halastaccen kuɗi a jihar Florida ta Amurka a watan Mayun 2025, takwaransa na Texas Greg Abbott ya bi sahu a watan Yuni, ake ta cika mana kunne cewa dala ta kama hanyar kushewa. Da masu wannan guɗar sun karanta dokokin, da sun sassauta murya.

Babu ko ɗaya daga cikin dokokin biyu da ta tilasta wa mai bin bashi ya karɓi zinariya. In ya ce dala yake so, dala za a ba shi. Tsarin Texas ma, wanda aka sa wa ranar 1 ga Mayun 2027 don fara aiki, kati ne irin na banki: ka ajiye zinariyarka a ma'ajiyar jihar, in ka yi sayayya a sayar da wani ɓangare a biya mai shago da dala. To ina aka rabu da dalar? Jihar Utah ta yi irin wannan doka tun 2011, har yau albashi da kuɗin haya da dala ake lissafa su a can.

Babban tarnaƙin haraji ne, kuma ba a hannun gwamnoni yake ba. Hukumar harajin tarayya ta Amurka kadara take ɗaukar zinariya, ribar da aka samu a kanta kuma harajinta na iya kai kashi 28 cikin ɗari. A ce ka sayi oza ɗaya, wato giram 31.1, a kan dala 2,000, ka biya bashi da ita ranar da ta kai dala 4,000, farashin da ta haura a watan Oktoban 2025. A wurin hukuma ka sayar ke nan, ka ci ribar dala 2,000, ana iya bin ka har dala 560. Ka biya wancan, ka jawo wa kanka sabon bashi. Ga kuma ratar da dillali ke sawa tsakanin farashin saye da na sayarwa, ga kuɗin ajiya, ga gwaji, domin ana samun sandar zinariyar da aka cusa wa ƙarfen tangstan a ciki, wanda nauyinsa kusan ɗaya ne da na zinariya, ma'auni kaɗai ba ya tona shi.

Sannan ɗabi'ar mutane. Wanda ke da takardar kuɗi da zinariya a hannu, takardar zai miƙa, ya adana zinariyar. Sai ranar da farashi ya karye zai tuna da mai binsa, shi kuma a ranar ba zai karɓa ba. Kuma zinariya tana karyewa: daga dala 850 a Janairun 1980 ta gangaro ƙasa da 300 a 1999, a 2013 kaɗai ta zubar da kusan kashi 28.

Masu kafa hujja da Kundin Tsarin Mulkin Amurka, inda ya hana jihohi mayar da wani abu kuɗin biyan bashi in ba tsabar zinariya da azurfa ba, hani suka karanta suka ɗauka umarni ne.

Abin da ke kare mai ba da bashi tuni yana nan. Gwamnatin Shugaba Roosevelt ta soke sharaɗin biya da zinariya a yarjejeniyoyin bashi a 1933, Majalisa ta maido da shi ga yarjejeniyoyin da aka ƙulla daga 1977. Wato a rubuta bashin da awo tun farko: giram kaza, tsabta kaza, a biya ranar kaza. Mu da muka san nisabin zakka da giram 85, muke kuma kimanta mafi ƙarancin sadaki da rubu'in dinari, wannan lissafi ba baƙo ba ne a gare mu. In gwamnonin da gaske suke, su nufi Washington su nemi a cire harajin riba daga tsabar da aka biya bashi da ita, su kuma fara da karɓar harajin jiharsu da giram.