Samari, ku sauke gatari daga kan gawo

Assalamu alaikum 'yan'uwana samarin Damagaram, na fada da na gona.

Duk wanda ya bi hanyar Miriya cikin 'yan kwanakin nan ya ga abin da ido ba ya so. Gawo bayan gawo an yi masa aski ƙwal, babu reshe ko ɗaya, sai gangar jiki a tsaye kamar turke. A gindinsa amalanke cike da ɗanyen ganye za a kai wa masu turkar raguna, itacen kuma a faskare a shigo da shi gari. Masu gatarin nan kuwa ku ne, ƙannenmu da sa'o'inmu, wasu ma waya na aljihu tana kiɗa suna sara.

Kuna jin ana maganar ɗumamar yanayi a rediyo, kuma gaskiya ce. Hayaƙin kwal da fetur da gas ya ɗaga iskar kabon da ke sararin sama daga kusan 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau. A 2015 ƙasashe sun yi alkawari a Paris za su yi ƙoƙarin hana ƙarin zafi ya wuce digiri 1.5, sai ga 2024 ta zo ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa zafi. Yawancin hayaƙin na Sin ne da Amurka da Turai, namu bai taka kara ya karya ba. Amma a kanmu abin yake sauka: damina ta makara, in ta zo ta zo da fushi. A daminar 2024 ɗin nan ruwa ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin da ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye. To, hayaƙin Turai ba ka da iko da shi. Amma mutuwar ƙasar noma da ƙarewar itatuwa, waɗanda su ma suna cikin manyan masifun da duniya ke kuka da su, hannunka na ciki dumu-dumu.

Ka san ma abin da kake sara? Gawo itace ne mai saɓa wa sauran. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki daidai lokacin da shuka ke nema. Saiwarsa tana nutsawa can ƙasa ta ɗauko ruwan da gero bai isa ya kai gare shi ba, tana kuma ƙara wa ƙasa sinadarin da ake sayen buhun takin ure dominsa. Da rani ya yi kore, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi, 'ya'yansa su zubo su ci. Shi ya sa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili kauri, kowane manomi ya san wannan. Ke nan rani ne lokacin da gawo ke neman abincinsa. Ka aske shi a watan Maris, damina ta zo ba lokacin tohonsa ba ne, ya yi shekara a wahale, 'ya'ya kuma sai an jira shekaru. Ka maimaita sau biyu, sau uku, ya bushe a tsaye. Sannan ka dawo kana cewa ai busasshe ne ka sara. Wa kake yaudara?

In dole sai an sauko da ganye, akwai yadda ake yi. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassa, kuma a bar kan itacen. A wasa adda ko gatari sosai. A fara sarar reshe daga ƙasansa, sannan a gama ta sama a karkace, don in ka fara ta sama nauyinsa zai ɓalle shi ya yage ɓawon har jikin uwar. Ta wannan raunin ruwa ke shiga, gara ta bi, ciki ya ruɓe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai cinna wuta a gindin itace da dare don ya faɗi da kansa kuwa, wannan ban san sunan da zan kira shi ba.

Kuɗin ganyen nan ina yake zuwa? Shayi da kati da ƙwaya. Ledar da kuka sha ruwa kuka yar tana can ta toshe magudana, tana cikin tumbin awakin iyayenku, ga dokar hana ta tun 2014 tana barci a takarda. Wannan zance ne na wata rana.

Abin da ya fi ciwo shi ne itatuwan nan da gumi aka same su. Bayan farin 1973 da yunwar 1984, wadda tsofaffi ke kira El-Buhari, gonakin ƙasar nan sun koma fayau, iska na binne shuka sai an sake shuka sau biyu ko uku. Iyayenmu na Miriya da Magarya da Matamaye suka rungumi sassaben zamani. In sun tarar da kututture ya yi toho, sai su zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafi ƙarfi su bari, su cire sauran, su share ƙananan rassa har rabin tsayinsa, su kewaye da ƙaya saboda awaki. Gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, duk haka aka raya su, ba tare da an ɗauki tulu an yi ban ruwa ba. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar ta wannan hanya. Daga ƙasashe ake zuwa kallon aikin. Shekara arba'in ana reno, kai ka zo ka gama da shi tsakanin hantsi da azahar. Wanda bai san wahalar daka ba shi ke zubar da fura.

Ku yi wa kanku faɗa, ku ji tsoron Allah. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa itacen da Musulmi ya dasa, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi. Mai sarewa fa, me aka rubuta masa? Duk 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace ta ƙasa, a dasa itace a ɗauki hoto, washegari akuya ta gama da shi, wanda ya riga ya girma kuma ku hau ku datse.

Ana ba da labarin cewa zamanin sarakunan Damagaram na da, gawo itacen sarki ne, mai sare shi ba izini ransa yake wasa da shi. Ko a bayan nan, yaro bai isa ya ratsa gonar wani da gatari ba sai dattijon farko da ya gamu da shi ya tsayar da shi ya tambaye shi ɗan gidan wa. Yau dattijo na zaune a inuwa, amalanken ɗanyen gawo ta wuce ta gabansa, yaron ko gaisuwa babu, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbi, don ya san in ya yi magana zagi zai sha.