Gas Ne, In Ji Alhaji

MAI GYARA: Ranka ya daɗe, me firjin yake yi?

ALHAJI: Gas ne ya ƙare. Ɗura ka tafi, ina da uzuri.

HAJIYA: Famfon da ke jikin ƙofar firjin ne ya daina ba da ruwa, yau kwana huɗu. Tankin ciki ya daskare kamar dutse.

ALHAJI: Hajiya, maganar injina ake yi.

MAI GYARA: Ai Alhaji, firjin da gas ɗinsa ya ƙare ba ya sanyi sam. Naka kuwa sanyi ne ya yi masa yawa.

ALHAJI: To gas ɗin ne ya yi yawa. Rage ka tafi.

(Sau biyu aka ɗura wa firjin nan gas a bana. Akwai masu gyaran da ko ƙwan fitilar ciki ne ya mutu, gas za su ce maka, kuma Alhaji ya riƙe karatunsu da kyau.)

MAI GYARA: An canja matatar ruwan kuwa? Duk wata 6 ake so.

HAJIYA: Watan jiya na canja.

MAI GYARA: To saura sensa. Wani ɗan abu ne kusa da tankin, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwar firji yanayin wurin. In ya yi mata ƙarya cewa da zafi, ita kuma ta yi ta turo sanyi har ruwa ya daskare.

ALHAJI: Ƙarya? A gidana? Shekara 30 ina mu'amala da firji. Kafin a haife ka nake taɓa bayansa in faɗi ciwonsa. Wannan hannun da kake gani ya fi kowace mita.

Ya ɗora tafin hannu a jikin firjin, ya lumshe ido, ya karkata kai kamar mai sauraren sirri.

ALHAJI: Gas.

MAI GYARA: Allah ya ƙara basira. Hajiya, a taimaka a zare soket.

ALHAJI: Kar a kashe! Ta yaya za ka ga ciwo bayan ka sumar da mara lafiya?

MAI GYARA: In ban sumar da shi ba, ni zai sumar.

Aka zare. Mai gyara ya kwance ɗan murfin da ke bayan tankin, ya ciro wani abu kamar ƙwayar magani mai wayoyi biyu, ya cire shi daga mahaɗinsa, ya duba ko bakin ya yi tsatsa. Tsaf yake.

ALHAJI: Wannan? Wannan ɗan mitsitsin ne zai hana ni shan ruwa a gidana? Kai dai ka ce ba ka zo da tulun gas ba.

MAI GYARA: Ɗan hakin da ka raina, Alhaji. Hajiya, a ba ni kofi cike da ƙanƙara, da ruwa kaɗan.

HAJIYA: Ƙanƙara kam ba ma roƙo.

MAI GYARA: Ga yadda abin yake. Mitar nan tana auna yadda sensa ke tauye wuta, da om ake ƙirgawa. In ya ji sanyi lamba ta hau, in ya ji ɗumi ta sauka. Takardar wannan samfurin ta ce om 5,000 a digiri 25, a ruwan ƙanƙara kuma wajen 16,000.

ALHAJI: Wace takarda?

HAJIYA: Wadda ka sa a ƙarƙashin ƙafar tebur don ya daina rawa.

Aka tsoma kan sensa a kofi, aka jira minti biyar. Alhaji ya cika su da labarin wani firji da ya taɓa tayarwa da mari ɗaya. (Hajiya ta ce washegari aka fitar da gawarsa.)

MAI GYARA: Duba, 4,000. Ko gezau. Yana cikin ƙanƙara tsamo-tsamo amma yana rantsuwa digiri 30 ake.

ALHAJI: Mitarka ce ta lalace.

MAI GYARA: Da wayar ce ta tsinke, da mita ba ta karanta komai ba. Da haɗewa ta yi, da sifili za ka gani. Wannan maƙalewa ya yi wuri ɗaya, ya ƙi jin magana.

HAJIYA: Ashe gado ya yi.

ALHAJI: Me kika ce?

HAJIYA: Cewa na yi Allah ya kyauta.

Mai gyara ya zaro sabo daga jaka, ya tsoma. Lamba ta yi ta hawa har ta kusa 16,000.

MAI GYARA: Yanzu damƙe shi a hannunka.

Alhaji ya damƙe. Lamba ta gangaro, 9,000, 6,000, 4,000.

ALHAJI: Ka gani! Ka ga aikin hannun nan? Na taɓa shi kawai ya miƙa wuya. Miƙo tsohon in gyara maka.

Ya damƙe tsohon. Shiru. Ya murza, ya hura masa iska, ya sa a hammata ya matse. Lamba tana nan a 4,000.

ALHAJI: Wannan an yi masa baki.

MAI GYARA: Zan ɗaura sabon. A bar firjin a buɗe tankin ya narke da kansa, kuma don Allah kar a tsokane shi da wuƙa, roba ce, tana fashewa.

Hajiya ta kalli Alhaji. Alhaji ya kalli silin, ya tura wani abu ƙarƙashin kujera da ƙafa.

ALHAJI: Yanzu dai tsakaninka da Allah, babu ko ɗan gas a cikin maganar nan?

MAI GYARA: Ko ɗigo.

ALHAJI: Shi sensan da me yake aiki?

MAI GYARA: Da wuta.

ALHAJI: Sanyin da yake aunawa fa, wa ke kawo shi?

MAI GYARA: To... gas.

ALHAJI: Alhamdulillahi! Hajiya, kin ji da kunnenki. Sallami yaron nan, ya wahalar da mu awa guda kafin ya yarda.