Shirun kwamfuta a Ingila daban, a Kano daban

A nan Ingila masu haɗa kwamfuta sun ɗauki ƙarar fanka a matsayin abokin gaba. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a shiga BIOS, wato shafin saitin tushe na kwamfuta, a rage gudun fankoki zuwa kashi 30, kuma tana aiki, domin ɗaki a nan yana zama kusan digiri 20 ne. Ni dai ina ganin ganganci ne a kwashe wannan shawara yadda take a kai ta Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda watan Afrilu zafi ke kai 40. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. Idan ɗaki ya ƙaru da digiri 15, zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ma kusan haka zai ƙaru. Na Intel idan ya doshi 100, ko Ryzen 7000 na kamfanin AMD ya kai 95, da kansa zai rage gudu, sai ka ga na'ura ta yi nauyi ka ɗauka birus ne.

Can gida, ƙura ce kan gaba. Hazon hunturu yana toshe haƙoran ƙarfen sanyaya da ke kan furosesa har su yi kamar an shimfiɗa musu bargo, fanka ta yi ta kururuwa iska ba ta wucewa. Cire wuta, fitar da akwatin waje, ka hure shi da injin hura iska, amma ka danne fankar da yatsa don kada ta yi juyin da zai lalata ƙarfen cikinta. A nan sau ɗaya a shekara ya wadatar. Can, a lokacin hunturu, kowane wata. Akwatin wuta kuwa, wato wanda ke raba lantarki a cikin kwamfuta, daga waje ake hure shi, ba a kwance shi, yana riƙe lantarki ko bayan an cire filogi. A ɗaga kwamfutar daga ƙasa ma.

Sai man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen. A kwamfutocin da aka saya na hannu galibi ya bushe ya zama alli. Goge shi da sinadarin isopropyl, ka ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure sukurori a gicciye, kaɗan-kaɗan.

Bayan wannan ne batun saye. Fanka mai milimita 120 ko 140 a gudun juyi 900 a minti tana tura iskar da ƙaramar 80 sai ta ninka gudu kafin ta kusanto, kuma ƙarar tana bin gudu ne. Arctic P12 ba ta da tsada, Noctua ta fi shiru amma kuɗi. Nemi mai fil huɗu, ita ce madabod, wato babban allon da komai ke haɗe a kai, ke iya juyawa dalla-dalla. Biyu a gaba masu shigo da iska ta bayan raga, ɗaya a baya mai fitarwa, don iska ta yi yawa a ciki ƙura ta kasa kutsowa ta tsaga. Masu tsofaffin Dell OptiPlex ku duba tukuna, da yawansu soket ɗin fankarsu nasu ne su kaɗai.

Abin da na fi yarda da shi ga ƙasa mai zafi shi ne rage zafin daga tushe. Eco Mode, saitin rage cin wuta na Ryzen, yana sauke furosesa mai wat 105 zuwa 65, kuma a aikin ofis ba za ka ji bambanci ba. Daga nan ka saita fanka: kashi 40 har digiri 55, kashi 70 a 70, cikakken gudu a 80, da jinkirin daƙiƙa uku zuwa biyar don ta daina hawa da sauka. Ka gwada da HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, da tsakar rana, wajen ƙarfe biyu, fankar ɗaki a kashe.