Nafkin Ɗin da Ya Ƙi Shan Ruwa

Ni na kawo shawarar, gara in faɗa da bakina kafin uwargida ta riga ni. Yaronmu na da sati biyu a duniya na ɗauko biro da takarda na buga lissafi. Sabon jariri ana canza masa sau 8 zuwa 12 a rana, ke nan famfas wajen 300 ne ke tafiya shara a wata guda. Na ajiye biro na ce daga yau nafkin za mu koma, wanda ake wankewa a sake ɗaurawa. Uwargida ta dube ni ta ce, "To Malam, wa zai riƙa wankin?" Na bugi ƙirji na ce ni. Baki shi ke yanka wuya.

Sayayyar kam na yi ta daidai, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Nafkin na tawul guda 24, kowane gefe santimita 60, da wandon roba shida, da fil ɗin nafkin mai murfi a kai. Goma a rana, wanki duk bayan kwana biyu, huɗu su rage a hannu kafin na igiya su bushe. Daga nan ne ilimina ya ƙare ban sani ba.

Na farke leda na zaro nafkin fari fes, na ɗaura masa, na ɗora shi a cinya ina yi wa uwargida bayanin ranar da za mu fara ganin riba. Ban kai ƙarshen zancen ba na ji ɗumi na bin ƙafata. Da na kwance nafkin ɗin sai na tarar rabinsa a bushe yake, wandona ne ya sha fitsarin. Ashe sabon auduga yana zuwa da maiƙonsa na asali da kuma abin da ake shafa masa a masana'anta don ya yi sheƙi, ruwa ba ya shigarsa sosai sai an wanke shi sau uku ko huɗu. Na kwana ina wanke kayan da ba a ɓata ba.

Sai batun naɗi. Namiji ta gaba yake jiƙa nafkin, don haka nan ake tara kaurin, mace kuwa a tsakiya. Ni sai na jibge kaurin a baya saboda a ganina can ne babbar matsala take. Fil kuma ana soka shi ne a kwance, bayan ka zura yatsu biyu tsakanin nafkin da cikin yaro, don in tsinin ya zarce ya same ka, ba shi ba. Wannan ka'ida na bi ta sosai, yatsana na tsakiya shaida ne. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne bakin nafkin da ke leƙowa ta ƙafar wandon roba. Ɗan tsilli ne, bai kai faɗin farce ba, amma aikin lagwanin fitila yake yi, ya jawo danshi daga ciki ya kai wa riga, riga ta kai wa zanin gado. Dole a bi ƙugu da cinyoyi da yatsa a cusa duk abin da ya leƙo. A ƙugu yatsa biyu su shige, a cinya kada a ga rata in an ɗaga ƙafarsa.

Da na gane waɗannan sai muka samu sati uku lafiya lau, har na fara yi wa abokai lacca. Abin da ya kashe ni shi ne tausayi.

Tawul in ya sha shanya yana bushewa ƙamas kamar tsohuwar fata. Na taɓa na ce haba, wannan a jikin ɗana? Na sayo ruwan nan mai ƙamshi da ke sa kaya laushi, nake zuba murfi guda a ɗaurayar ƙarshe. Na ga ɗan ja a matsematsinsa, na riƙa lafta masa basilin kamar mai yaɓen ɗaki. Na ji wari-wari na tashi daga inda nake tara masu datti, na samo bokiti mai murfi, na cika shi da ruwa, nake tsoma su ina dannewa. Garin sabulu kuma na rage shi zuwa rabi, wai kada ya ci masa fata. Dabaru huɗu, duk nawa na kaina, ban yi shawara da kowa ba.

Cikin kwana goma gidan ya canza. Yoyo ya dawo fiye da da. Nafkin sai ya fito daga wanki da ƙamshi, amma da yaro ya jiƙa shi sai wani zarni ya tashi mai sa hawaye. Jan da ke jikinsa ya zama ƙuraje. Uwargida ba ta ce min komai ba, sai dai ta kira Yaya a waya, yayata da ta raini huɗu da nafkin.

Yaya ta shigo ta yi sallama, ta ja hanci sau ɗaya, ta wuce kai tsaye wajen bokitin. Tana ɗaga murfin ta mayar da sauri ta ja da baya tana salati.

"Auta, kwana nawa waɗannan a ciki?"

Na ce huɗu. Biyar ne.

Ta ce in kawo mata wankakke guda da kofin ruwa. Ta shimfiɗa shi a tebur, ta ɗiba da cokali ta zuba. Ruwan ya dunƙule ya tsaya yana kallonmu, ta ɗan karkata nafkin ɗin ya gangara ƙasa kamar an zuba a kan leda. Ta ce, "Ka ga aikinka. Ka sayi tawul ka mai da shi lema."

Nan ta zauna ta warware min. Ruwan laushi laushin nasa na maiƙo ne, yana lulluɓe zaren ya hana shi sha. Basilin ma haka, shi ya sa in za a shafa mai kauri sai an shimfiɗa wani siririn ƙyalle tsakanin fata da nafkin. Zarnin kuwa daga fitsarin da bai fita ba ne. Ƙwayoyin cuta suna narka shi ya koma sinadarin amoniya, shi ke yaji a ido, shi ke ƙona fatar yaro. Rabin sabuluna bai isa fitar da shi ba, ƙamshi kawai nake ɗorawa a kai. Rufaffen bokiti da ruwa kuwa gida na gina wa ƙwayoyin, ga shi jiƙon yana kashe robar wando, ga haɗari in yaro ya fara rarrafe, don ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro in ya kifa a ciki.

Na ce to ni da na yi don alheri. Ta ce ai gyaran gangar auzinawa ma don alheri aka fara shi.

Ga tsarin da ta kafa min, har yau a kansa nake. Wanda aka cire a ɗauraye shi nan take, a matse, a jefa a kwando mai huji inda iska ke shiga, kada ya wuce kwana biyu. Ranar wanki sau biyu ake yi. Na farko gajere da sabulu kaɗan, don fitar da ƙazanta, a zubar da ruwan. Na biyu dogo da ruwan zafi, digiri 60 in da injin wanki ne, da cikakken awon sabulun da aka rubuta a kwali na kaya masu datti sosai. Injin a cika shi wajen kashi biyu cikin uku, don gogayyar kaya da juna ita ce cuɗar, in sun yi kaɗan iyo kawai suke yi. Mai wankin hannu ya cuɗa da kyau ya yi ta ɗauraya har kumfa ta ɗauke. Tawul a rana, ita ke cinye tabon kashi, wandon roba kuma a inuwa don zafi na fasa shi. Taurin da ya tayar min da hankali, murza nafkin tsakanin hannu biyu bayan ya bushe shi ne maganinsa. Canji duk awa biyu zuwa uku, kashi kuwa nan take, domin tawul ba shi da garin nan na cikin famfas da ke kama ruwa ya daskare. Da dare a ƙara ninki ɗaya a ciki. Ƙurajen ta ce a riƙa barin wurin ya sha iska, in kwana uku ba sauƙi a kai shi asibiti. A na biyu suka fara bajewa.

Sai da na yi wa duka 24 ɗin wankin zafi sau uku a jere kafin cokalin ruwan Yaya ya fara nitsewa. A zagaye na farko na manta ban manne maɗaurin wandunan ba, irin mai ƙaya-ƙayan nan da ke kama duk abin da ya taɓa. Na jawo guda ɗaya daga inji sai ga sauran sun biyo shi a jere, da safar uwargida, da hular yaro, kamar na kamo maciji.

Da za ta tafi sai ta buɗe jaka ta miƙo min wani tsohon cokali mai lanƙwasasshen hannu. Na ce na mene ne? Ta ce yanzu nono kaɗai yake sha, kashinsa ruwa ke narka shi, shi ya sa nake ganin abin da sauƙi. In ya kai wata shida ya fara cin abinci, sai an kankare a masai kafin nafkin ya ga ruwan wanki.

"Ka rataye shi a banɗaki, Auta. Kuma ka ɗaura masa jan zare, na san halinka."

Jibi yake cika wata shida.