Su fata a ciki, mu fata a waje

Ranar da aka fara miƙo mini fatar rubutu a nan Ingila, kalangu ne ya faɗo mini a rai. Yanki ne bai fi tafin hannu ba, fari mai ɗan ratsin rawaya, da na ƙwanƙwasa shi da farce sai ya amsa. Dattijuwar da ke koya mana rubutun hannu da yamma ta ce in ɗaga shi wajen fitila. Na ɗaga. Ga sawun jijiyoyi nan kamar saiwar ciyawa, ga ƴan ɗigo-ɗigo inda gashi ya taɓa tsirowa. Ɗan maraƙi ne, ya yi kiwo, ƙuda ya cije shi, ga ma tabon cizon a gefe.

Wanda ya san jima zai ɗauka abu ɗaya ne, to akwai bambanci babba. Majemi yana jiƙa fata a ruwan bagaruwa har ta sha ta yi laushi, ta zama abin da baduku zai ɗinka. Ita fatar rubutu ba a jeme ta. Ana tsoma ta kwanaki a ruwan farar ƙasa, irin wadda ake shafe bango da ita, har gashin ya saki. A wanke, a ɗaure ta tamau a jikin katako ta kowace kusurwa, a yi ta kankara da wuƙa mai siffar jinjirin wata tana bushewa ana ƙara ja. Jan nan shi ne sirrin. Shi ke kwantar da zaruruwan fatar su zama falle mai ƙarfi da ba ya nuna haske sosai. Turawa suna da suna biyu: wanda ya game duk fatun rubutu, wato parchment, sun ce daga birnin Pergamon ya samo asali, Bergama ta ƙasar Turkiyya a yau, sai kuma belum, wadda asalinta fatar ɗan maraƙi ce, ita ce ta manya.

A nan sai na ja kunnen duk mai sha'awa. Kafin in shiga ajin nan na taɓa yin odar wani kunshi ta intanet da aka rubuta masa wannan suna na belum. Da ya iso sai ga takarda shara-shara, irin ta kwafar zane. Babu dabbar da ta mutu dominta. Sunan kawai aka ara, kuma haka ake sayar da ita ko'ina ba tare da an ɗauka yaudara ce ba.

Fata tana da fuska biyu, gefen gashi da gefen nama, launinsu da santsinsu sun bambanta. Marubutan dā sukan jera shafuka ta yadda gefen gashi zai kalli gefen gashi, don idan an buɗe littafi shafuka biyun su yi kama. Kafin rubutu sai an goge maiƙo da garin dutse mai laushi, a barbaɗa garin wani ƙaro da ake kira sandarak, in ba haka ba tawada ta yi ta zamewa tana tattaruwa kamar ruwa a kan ganyen gwaza. Idan gyaran ya yi daidai, fuskar takan yi ɗan gashi-gashi kamar karan-miski, tana riƙe bakin alƙalami kaɗan. Ban taɓa jan layi siriri mai kaifi irin na ranar ba. Wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye ta ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tawada ba ta shiga ciki, a sama take zama. Na yi kuskure a harafi na huɗu, na dafe kai, malamar ta yi dariya ta miƙo mini ƴar wuƙa. Bayan ya bushe na kankare a hankali, na shafa wurin, na sake rubutawa, ba ka cewa an taɓa. Shi ya sa a tsofaffin zanen Turai za ka ga marubuci da alƙalami a hannun dama, wuƙa a hagu. Ni da na saba da takarda, inda kuskure ɗaya kan sa a jefar da falle ko a yi gyara a gefe kowa yana gani, sai na ji kamar an mayar da ni kan allo, inda wanki ke share komai. Sai dai yafiyar nan ta fata ita ce kuma lahaninta. Wanda zai iya goge kuskure zai iya goge gaskiya. An kankare littattafai sukutum an sake rubutu a kansu: wani kundin lissafin Arkimidis, masanin Girka na dā, da aka kwafa a ƙarni na 10 an goge shi an mayar da shi littafin addu'o'i a 1229, sai a zamaninmu aka karanto na ƙasan sosai da hasken na'ura. Lauyoyin Ingila na dā sun fi son fatar tunkiya saboda kitsen da ke tsakanin rufinta, da an kankare sai ta ɓantare ta tona asiri. Ana kuma ruwaito cewa Haruna Rashid ya sa ofisoshin gwamnati a Bagadaza su koma takarda don dalili makamancin wannan.

Sai batun zinariya, wadda ita ce ke sa shafi ya yi walƙiya. Ana kwaɓa wani farin gari da danƙo da ɗan sukari, a ɗiga shi a inda ake so ya ɗan tashi kamar ƙurji, a bari ya bushe. Sannan marubuci ya sunkuya ya huro masa numfashi daga can cikin ƙirji, danshin ya farkar da danƙon, nan take a ɗora fallen zinariya, wanda tsabar rashin kaurinsa ko atishawa ka yi ya tafi. Daga baya a goge har ya zama madubi. Mutanen dā da haƙorin kare suke gugar, yanzu dai dutsen aƙiƙ ne, na kuma gode Allah da hakan. Fata tana jure wannan dannawa da guga da nauyin fenti, shuɗin da ake niƙowa daga dutsen lazuward na Badakshan a Afganistan ya zauna a kanta daram.

A wajen shan iska wani ɗan ajinmu ya tambaye ni, da kyakkyawar niyya, me ya sa mutanenmu ba su kai ga rubutu a fata ba alhali muna da dabbobi. Kalmar "kai ga" ɗin ce ta tsaya mini. A tunaninsa fata ce saman tsani, takarda kuwa ta wanda bai samu ba.

Musulmi sun san fata tun farko. Sunanta na cikin Alƙur'ani, a aya ta 3 ta Suratu Ɗur, raƙƙ. A Jami'ar Birmingham akwai falle biyu masu ɗauke da sassan Kahfi da Maryam da Ɗaha, a 2015 aka sanar cewa gwajin da aka yi a Oxford ya nuna dabbar ta rayu tsakanin 568 da 645. Akwai kuma Shuɗin Alƙur'ani, fata ce aka rina da baba aka rubuta da zinariya, yawancinsa yana Tunisiya. Abin da ya faru shi ne takarda ta shigo daga Sin ta Samarƙand a ƙarni na 8, Bagadaza ta kama yinta, zuwa shekara ta 1000 gwanin rubutu Ibn al-Bawwab yana rubuta mus'hafinsa a takarda, wanda yau ke ɗakin karatu na Chester Beatty a Dublin. Magrib, wato yammacin Arewacin Afirka, ta ɗan daɗe tana riƙe da fata, daga baya ita ma ta saki. Lokacin da rubuta littattafai ya bunƙasa a ƙasashenmu, duniyar da muke karatu da ita ta riga ta zaɓi takarda. Alƙur'anin Barno mai tarihin 1669 a takarda yake. Habasha kuwa, da hanyarta daban ce, har yau akwai masu rubutu a fatar akuya.

Yanzu a yi lissafi. Littafin Kells, kundin Linjila da ke Dublin, na wajen shekara ta 800, falle 340 ne suka rage, an ƙiyasta ya ci maruƙa kusan 185. Babban kundin Baibul na Amiatinus da aka rubuta a arewacin Ingila a farkon ƙarni na 8 ya haura falle 1000, fatu sama da 500, nauyinsa ya wuce kilo 30. Garke guda a littafi ɗaya. Wa zai mallaki irin wannan? Sarki, ko gidan ibada mai filaye. Littafi ne da ake ɗorawa a wuri ɗaya mutane su zo su gani.

Namu kuwa na tafiya ne. Takardar ta ƙetaro Sahara, da yawanta daga masana'antun arewacin Italiya, idan ka ɗaga ta a haske ka ga jinjirin wata uku a jere. Ba a ɗinke fallayen, a ƙasan shafi ake rubuta kalmar farko ta falle na gaba don kada su rikice. Hikimar a nan ita ce ɗalibai biyar za su iya raba littafi ɗaya su kwafa a lokaci guda. Fatar kuma ba mu yar da ita ba, waje muka fitar da ita: bango na fata, igiya ta fata, gafaka ta fata a rataye a kafaɗa. Kuma wace fata! Jar akuyar Sakkwato ce Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, har yau masu ɗaurin littafi a nan idan suka kira ta "Niger" da girmamawa suke faɗa. Na ga wani yana shafa ta kamar siliki.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne na fara ganin matasanmu masu hannu, musamman mu da ke waje, suna burin ɗora rubutun Barnawi a kan belum da zinariya mai tudu, wai don a ɗauke shi da daraja a wajen baje koli. Ban hana kowa gwaji ba, ni ma na gwada. Amma abin da na gani shi ne harafin namu mai kauri, wanda alƙalamin gamba ya haifa, yana son takardar da za ta ɗan sha tawada ta tausasa gefensa. A kan fata sai ya tsaya tsaye yana ƙyalli, kamar baƙo a gidan biki. Jan wasali, rawayar hamza, koren alifin wasali, kumsa da kuri masu nuna aya biyar da aya goma, da zayyanar nan ta ja da ƙasa-ƙasa mai kama da saƙa, duk launuka ne da ba sa neman walƙiya. Da ka saka zinariya mai sheƙi a tsakiyarsu sai ta cinye su, ido ya tafi wajenta ya bar rubutun. Zayyanar Turai an gina ta ne don hasken kyandir ya yi wasa a kanta. Tamu aikinta nuna wa mai tilawa inda ya kai, sumuni ne ko rubu'i ko sujada.

Inda fata ta fi mu, ta fi mu. Magna Karta, yarjejeniyar da sarkin Ingila ya amince da ita a 1215, tana nan a fatar tunkiya, kwafi huɗu, ana karantawa. Mu kuwa kowa ya san tarin takardun kakanni da gara da ɗigar ruwa suka gama da su cikin shekara ɗari. Wannan ciwo ne. Sai dai ita ma fata ba ta mance ita dabba ce ba. Ɗan yankin da na rubuta Basmala a kai na bar shi kusa da hita dare ɗaya, da safe na tarar ya nannaɗe yana neman komawa siffar bayan maraƙi, zinariyar ta tsage biyu. Shi ya sa tsofaffin littattafansu ke da bangon katako da ƙugiyoyin ƙarfe, don a danne ta. Ka yi tunanin abin da hunturu da damina za su yi mata a jere. Ɗakunan ajiyar nan da ke riƙe da ita, dare da rana na'ura ke auna danshinsu.

Majalisar dokokin Birtaniya ta shafe ɗaruruwan shekaru tana adana dokokinta a fata. Bayan doguwar muhawara kan tsada, daga 2017 aka koma buga su a takarda mai inganci, aka bar fatar a bango gaba da baya. Da na ba ɗan ajinmu wannan labari na ce masa to ga shi kun kai ga tsarin gafaka. Ya yi dariya, ya ce in kawo tawa ya gani mako mai zuwa.